Na sayi Mustang don in shiga cikin masu harkar motoci, amma har yanzu ina gefe

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Aiki ya dawo da ni Abuja daga Zariya, ban san kowa ba sai 'yan ofis, su kuma da an tashi kowa ya kama gabansa. Tun ina yaro nake son Mustang, har hotonta na liƙa a ɗakinmu, Babanmu yana faɗa wai motar 'yan iska ce. Na sayar da Corolla ɗina, na haɗa da kuɗin adashi, na sayi 'yar Beljiyam, 2016 EcoBoost, otomatik, ja. Matata ba ta so ba saboda kujerar baya, amma wannan wani zance ne. Na je inda masu irin motocin nan suke haɗuwa ranar Asabar da yamma, wani ya leƙa ya ce "au, ashe mai silinda huɗu ce", daga nan ba wanda ya ƙara kula ni. Ina so in canza salansa, in cire indomi (matatar hayaƙin da ke jikin salansa), in sa a yi mata tunin (sauya saitin kwamfutar inji) ta yi ƙara kamar V8 mai silinda takwas. Kuma allurar zafi tana ɗan hawa a go-sulo. Me kuke gani?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, abin da ka sa a ƙarshe shi ne maganar, sauran duk ado ne. Injin EcoBoost ɗin nan, lita 2.3 mai tabo (turbo), ba ya yafe zafi. Da safe, inji a sanyaye, ka duba tankin ruwan lagireto ka yi alama da maka, bayan kwana 3 ka sake dubawa. In ya ragu kuma ba ɗigo a ƙasa, ka je a yi gwajin hayaƙi a bakin tankin: ruwan gwajin shuɗi ne, in ya koma rawaya to gasket ɗin kan inji ya fara ba da hanya. Ka tambaya ko an cire tamostat, domin aikin farko da bakanikenmu ke yi ke nan. A mayar da shi. A zubar da ruwan famfo, a sa kulant (ruwan sanyaya inji) rabi, ruwan da aka tace rabi. Sannan ka kunna AC a tsaye ka ga ko fanka tana tashi. Lambar VIN fa, wato lambar shasi, ka bincika tarihin motar da ita? Ba mai haɗari ba ce daga gwanjon Amurka?

Sabon Shiga: Yallabai, dilan mutumin kirki ne, masallacinmu ɗaya. Kuma zafin ba ya kai ja. Ni maganar salansa ce ta fi damuna.

Injiniya: Ban tambaye ka halin dila ba. VIN haruffa da lambobi 17 ne, suna ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba. In an buge ta ta gaba, sau da yawa ana mayar da lagireto na arha, a bar robobin da ke kai iska cikinsa, a go-sulo sai zafi. Batun tunin kuwa, doki 310 da aka rubuta wa motar nan da fetur mai lamba 93 na Amurka aka auna. Lambarsu ba RON ba ce, ma'aunin ingancin fetur da ake amfani da shi a nan. Man da muke sha a nan wajen RON 91 yake, daidai da 87 nasu. Motar za ta sha, kwamfutarta ce ke rage ƙarfi don kare inji. Ka sa tunin na 93, ka cire wannan kariyar, fistan na iya fashewa. Indomi kuma ka cire shi, wutar inji ta kama, ga wari, kuma silinda huɗu ba za ta taɓa yin kukan takwas ba ko ka sa salansar miliyan. Baƙin mai 5W-30, lita 5.4, mai alamar API SP ko SN Plus. Kada ka yarda da 20W-50.

Baban Yara: Duk wannan wahala ce. Ka sayar kawai ka nemi Mustang GT 5.0 mai V8. A wurin nan da kunne ake gaisawa, in ba ta yi gurnani ba ba a san ka zo ba.

Injiniya: Alhaji, ka faɗa masa sauran. GT ɗin shekarar tana ɗaukar baƙin mai lita 7.6, tana shan fetur kusan lita 15 a kilomita 100 cikin gari, a takarda ma ke nan, tasa kuwa wajen 11. Mutumin da ya haɗa da adashi.

Na Apo: Ni ban yarda matsalar inji ce ba. Malam, ƙarfe nawa ka je? In ka iso an riga an yi da'ira, kowa yana tare da nasa. Ka je da wuri lokacin da ake fakin, ka yi baya-baya kusa da wata Mustang ko Camaro, ka buɗe bonet, ka fito daga motar. Kada ka zauna ciki da gilas a rufe kana latsa waya. Tambayar da ke buɗe baki ita ce "ina kake samun taya?" ko "wa ke duba maka giya?" Mai motar nan ba ya gajiya da wannan hirar. Ka nemi a sa ka a guruf ɗinsu na WhatsApp, can ake sanar da fita ayari. Ka riƙe na'urar OBD mai karanta matsalar inji da famfon taya a but, ranar da wutar injin wani ta kama kai za a nema. Da yawa daga motocin nan ma ba su zo da safaya ba, sai famfo da gam, ka duba taka.

Maman Biyu: Ku dai ku ji tsoron Allah da ƙarar nan. Ƙarfe ɗaya na dare ana wasan mota a layin mutane, jarirai na firgita, tsofaffi ba barci. Kuma yanzu kuna koya wa wani.

Na Apo: Hajiya, a yi haƙuri, 'yan wasan biki daban, masu haɗuwa su yi hira daban. Amma tunda kin taɓo: Malam, in za ka fita daga wurin kada ka kashe AdvanceTrac, na'urar da ke hana motar zamewa, don a gan ka. Ƙafar baya ke jan motar, ka taka totur sitiyari na karkace bayanta ya wuce gabanta, kuma wayoyi na ɗauka. A ayari a bar tazara, iyakar FRSC a babban titi kilomita 100 ce. Tudun rage gudu a hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba leɓen bamba ya tafi. Ka karanta lambobi 4 na ƙarshe bayan rubutun DOT a jikin taya, mako da shekarar da aka ƙera ta ne. In ta haura shekara 6 a canza ko da zanenta na nan.

Baban Yara: Tayar ma yanzu wa ke iya saya? Inci 19 sai ka zaga Apo kaf, a kawo maka tsohuwa a ce sabuwa ce. Ƙasar nan dai.

Sabon Shiga: Na gode duka. Amma gaskiya na je da wuri, kuma ni ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa nake ganin ƙarar za ta yi mini sallama. Wani ya ce akwai tunin na 87. Salansar ma na riga na ba da kafin alƙalami.

Injiniya: Ka yi gwajin gasket ɗin?

Sabon Shiga: Sai an yi albashi in sha Allah. Wa ya san mai walda mai kyau a Apo, wanda ba zai ƙona mini bamba ba?