Idan likita ya ce a koma gida da majinyaci, me ikilisiya za ta yi?

Uwar Zumunta, Zuru:
Salama 'yan'uwa. Idan aka sallamo mai ciwon daji daga asibitin koyarwa na Sakkwato, aka ce sai dai a lallaɓa shi a gida, yaya ya kamata masu ziyara su yi? Akwai masu cewa ci gaba da shan magani ƙarancin bangaskiya ne.

Baba Fasto:
Mama, wannan magana ba ta da tushe, kuma tana ƙara wa majinyaci ciwo a kan ciwo. Yakubu 5:14 ya ce a kira dattawan ikilisiya su yi addu'a, su shafa masa mai. Bai ce a zubar da magani ba. Bulus sau uku yana roƙo a cire masa ƙaya, wato wata wahala da ke damunsa, ba a cire ba, alheri aka ba shi. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Ku je ku biyu ko uku, minti 15 ya isa. Ku zauna, kada ku tsaya masa a kai. Ku tambaye shi abin da yake so a roƙa masa, sannan a karanta Zabura 23 ko 121 da harshen da ya fi ji, Hausa ko Dakarci. In ya ce Allah ya manta da shi, kada a rufe masa baki, da irin wannan kuka Zabura 13 ta fara. Abokan Ayuba kwana bakwai suka yi shiru tare da shi, sai da suka fara neman laifinsa suka ɓata.

Nas, Birnin Kebbi:
Na gode Baba. A riƙa juya shi duk awa biyu, a duba ƙugu da diddige da gindin baya. Wurin da ya yi ja ko duhu, gyambo ne ke shirin fitowa. Maganin zafin ciwo a bi agogo yadda likita ya rubuta, in an jira sai ya yi ihu da wuya ya lafa. Masu ƙarfin suna ɗaure ciki, a tambayi likita abin da za a haɗa. Kada a sa shi azumi, kada kuma a ɗura masa kunu yana kwance, zai sarƙe ya shiga huhu. A tada kansa, cokali-cokali. In ya daina haɗiya, a jiƙa masa leɓe da tsumma mai tsabta. Kuma ko ya daina magana yana iya ji, don Allah a bar zancen jana'iza a bakin gadonsa.

Dattijo, Dabai:
Mama, ku tuna da mai jinyar ma. Zumuntar Mata ta tsara masu karɓarta kwana, ta samu barci. A kai wa majinyacin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, tun yana iya haɗiya. In yana son sulhu da wani, ko faɗin bashi da iyakar gona, a kira shaidu biyu tun hankalinsa na nan.