Tsofaffin 'yan jaz a bikin ƙaramin gari: wa ya taɓa jira har suka hau?

Ɗan Kakuri: Jama'a barkanmu da war haka. Za a yi bikin kaɗe-kaɗe a garin surukaina, can hanyar Kafanchan, kuma wasu dattawa 'yan jaz, kiɗan nan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, aka sa su rufe taro. Tuni samarin garin sun fara ƙorafi, wai an kwaso musu kakanni. Waɗanda suka taɓa zuwa irin wannan, ya abin yake? Ya kai in ƙona mai daga Kaduna?

Mai Lasifika: Haɗa kayan sauti ne sana'ata, don haka ni daga bayan dandamali nake kallo. Malam, dattawan ba su da matsala, tsarin ne. Rufe taro girmamawa ce a takarda kawai. Taron da aka ce ƙarfe 4 sai bayan magariba yake kankama. Shugaban biki ya yi jawabi, babban baƙo ya yi nasa, sannan yara masu waƙa a kan kiɗan da aka riga aka ɗauka a filashi su yi ta hawa, kowa da uban gidansa a kwamiti. Kafin a iso kan dattawan sha biyu ta gota, mata da yara sun watse, masu Keke sun tashi, man janareto ya yi ƙasa.

Na taɓa aiki da wata ƙungiya cikin hunturu. Mai busa kakakin Bature, tsoho mai furfura, yana zaune a kujerar roba tun la'asar, ya cire bakin kakakin ya sa a aljihun ƙirji yana ɗumama shi, domin ƙarfe in ya yi sanyi sautin sauka yake yi. Mai saksofon kuma, wata abar busa ta Turawa, yana ta tsotson ɗan siririn karan nan da ake ɗaurawa a bakinta, don iskar hunturu na busar da shi. Ga shi yaro mai filashi makirufo ɗaya ya ishe shi, su kuwa ganguna kaɗai sai su cinye rabin abin da aka yi haya.

Baba na Tudun Wada: Ku faɗa wa samarin nan jaz ba baƙo ba ne a Kaduna. A 1960 Louis Armstrong, shahararren ɗan jaz na Amurka, ya zo garin nan, har ya gana da Sardauna. Mu kuma mun tashi lokacin Bala Miller da ƙungiyarsa ta Pirameeds, ana kallonsu a talabijin, a kuma je kulob a gan su ido da ido. Mutum ya sa babbar riga ya je ya zauna ya saurara. Saurare ne aikin, ba tsalle ba. Abin da na lura a bukukuwan ƙauye shi ne sa'annina sukan zo da kujerarsu tun da wuri, amma sanyi da barci su kore su kafin waɗanda suka zo dominsu su hau. Wa aka girmama ke nan?

'Yar Kagoro: Baba, a gafarce ni, amma Bala Miller ai hailaif ya fi yi, mai amshi da kowa zai bi. Ni na je irin wanda ake magana, kuma gaskiya barci ya so ɗauke ni. Kiɗa ɗaya ya doshi minti 15 babu mai buɗe baki. Wannan ya busa nasa ya koma gefe, mai jita ya karɓa, mai ganga ya karɓa. Mamata ta taɓo ni ta ce, “Wai yaushe za su fara waƙar?” Mu a wajenmu kiɗa na rawa ne. Ku zo bikin Afan namu na Kagoro ranar 1 ga Janairu ku ga yadda fili ke girgiza. Waɗanda suka ji daɗin daren nan su ne mai tsire da mai shayi, don duk wanda ya gaji da tsayuwa wajensu ya nufa.

Baba na Tudun Wada: Kin yi gaskiya 'yata, hailaif ne. Amma masu busar da ke bayansa, a ina kike tsammani salon nasu ya samo asali?

Ɗan Samaru: Anti, abin da ya gundure ki shi ne ainihin abin. Ana fara kiɗa da karin da kowa ya sani, sai kowane makaɗi ya ƙirƙiri nasa nan take a kan wannan karin, daga ƙarshe a dawo gida tare. Shi ya sa ake tafi a tsakiya, duk wanda ya gama nasa a yaba masa. Kuma mu ba sabon abu ba ne a kunnenmu, mai goge ma ba ya maimaita jan da ya yi jiya.

Yusef Lateef, babban mai saksofon na Amurka, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma sarewar Fulani na cikin abin da ya nazarta. Shi ya taso daga can ya zo koyo a nan.

Wanda na gani a wani gari kusa da mu, dattawan sun hau fili ya kusa zama wayam. Shugabansu ya leƙa, ya hango mai kalangun mahauta a gefe da abinsa a hammata, ya yafito shi. Mai kalangu ya yi tambaya da kiɗa, mai saksofon ya amsa masa daidai da karin, har da lanƙwasar. Ya sake, aka sake amsa masa. Sai ihu. Waɗanda suka kama hanyar gida suka juyo, wani mahauci ya haye dandamali yana liƙi, tsohon yana busa yana kauce wa kuɗin kada su rufe masa ido. Wannan wayon sai wanda ya daɗe a sana'a. Yaron da ke bin filashi ba shi da damar sauya komai ko da fili ya mutu a gabansa.

'Yar Kagoro: To ai ka ga sai da aka sa kalangu sannan aka juyo.

Mai Lasifika: Ɗan Kakuri, in za ka je, ga shawara. Ka isa da rana lokacin gwajin kayan sauti. A nan suke sakin jiki, babu sanƙira mai katse su, kuma za ka iya gaisawa da su. Ka tafi da rigar sanyi, ka kuma shirya kwana, kada ka biyo hanya da tsakar dare. In kana da ta cewa a kwamitin ta wajen surukanka, ka roƙe su abu biyu: a ɗora dattawan kafin ƙarfe 9, kuma a biya su cikon kuɗinsu kafin su hau. Na sha ganin ana neman ma'aji da tocila bayan an tashi.