Wace kyauta zan kai wa aminiyata amarya?

Maman Hanan:
Salam 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Aminiyata za ta tare wata mai zuwa, ni kuma na gaji da kai kula da kofuna, a bikin ƙanwata kuloli aka tara har yau wasu na cikin kwali. Ina son abin da za ta riƙa gani tana tunawa da ni.

'Yar Dala:
Maman Hanan shiga Kasuwar Kurmi ki nemi tum-tum na fata guda 2, ja ko ruwan ƙasa, yana ƙawata falo sosai, amma ki duba ɗinkin da kyau ki kuma shinshina, fatar da ba ta jemu ba wari take yi da damina. Daga nan ki leƙa marinar Ƙofar Mata, zanen baba in aka yi rigar filo da shi abin sai wanda ya gani.

Aunty Falmata:
Turaren wuta ɗan Maiduguri da humra, ki haɗa da kasko mai kyau. Ba amaryar da za ta ƙi.

Maman Hanan:
Na gode Aunty, tum-tum ɗin ya kwanta min, ranar Asabar zan shiga Kurmi in sha Allah.