Ɗanyen kofi robusta: me ake dubawa kafin a biya kuɗi?

Mai Shayi, Bukuru:
Assalamu alaikum. Ana tallar ɗanyen kofi buhu-buhu a nan Jos. Mai kayan ya ce robusta ne daga Kogi, wani kuma ya rantse arabika ne na Mambila. Yaya ake bambance su da ido, kuma me ake dubawa kafin a saya?

Ɗan Farin Gada:
Wa alaikumus salam, Malam. Ɗebi tafi guda ka juya ƙwayoyin ta wajen shafaffen gefensu. Ta robusta gajera ce, a ɗan dunƙule, tsagar tsakiyarta kuma miƙe take sak. Ta arabika ta fi tsawo, tsagarta ta lanƙwasa kamar harafin S. Robusta launinta toka-toka ne zuwa ruwan ƙasa mai haske, sabuwar arabika kuwa kore ce mai ɗan shuɗi. Sai dai launi na ruɗar mutum, domin arabika in ta tsufa koɗewa take yi. Tsagar za ka riƙe.

Ɗaci kuwa halin robusta ne. Kafeyin ɗinta, wato sinadarin da ke hana barci, yakan kai kashi 2 zuwa 2.7 cikin ɗari, kusan ninki biyu na arabika, ga ƙarancin sukari. Shi ya sa ake yawan yin kofin gwangwani da ita, kuma madara ba ta danne ɗanɗanonta. Wurin mai shayi wannan riba ce.

Hajiya Mai Sito:
Ɗana, kafin siffa fara da danshi, nan kuɗi ke ɓacewa. Ana son ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. In ya haura 12.5 fumfuna na hanya, kuma akwai wadda ke barin guba mai illa ga ƙoda, suya ba ta kawar da ita duka. In babu na'urar awo, ka gartsa ƙwaya ɗaya. Busasshiya tauri gare ta kamar tsakuwa, sai ta fashe ƙas. Wadda haƙori ya lotsa ba ta fashe ba, ruwa kake saye da kuɗin kofi.

Ka tura hannu har tsakiyar buhu, kada ka yarda da na sama. Sunsuna. Mai kyau ƙamshin busasshiyar ciyawa yake yi. Warin rima ko tsami-tsami, to a ƙasa aka shanya shi ko an tara shi bai bushe ba.

Ajiya: buhun algarara a kan katako, nesa da bango. Daminar Jos, musamman Yuli da Agusta, tana mayar wa ƙwaya danshi, don haka a sa leda mai kauri a ciki a ɗaure bakinta. Kada ya kwana ɗaki ɗaya da albasa, daddawa ko kananzir, zuƙe wari yake yi.

Injiniya, Rayfield:
Ƙari a kan maganar Hajiya. Auna giram 300 ka baza a faranti, ka ware baƙaƙe, fasassu, masu hujin ƙwaro, ɓawo da tsakuwa. Baƙaƙen ne suka fi ɓarna, 'yan kaɗan sun isa su sa tukunya guda ta yi bauri. Tsakuwa kuma injin niƙa take kashewa. Auna abin da ka ware, da shi za ka nemi ragi.

A tankaɗe kuma. Rariyar tankaɗe kofi mai lamba 16 hujinta wajen milimita 6.3 ne, lamba 18 wajen 7.1. In aka soya manya da ƙanana tare, ƙananan sun ƙone kafin manyan su nuna.

Mai Shayi, Bukuru:
Na gode ƙwarai. Buhu mai kilo 60 nawa zai rage bayan suya?

Injiniya, Rayfield:
Suya na cin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, gwargwadon yadda ka bari ya yi duhu. Lissafa kilo 48 zuwa 51 ne zai saura, ban da abin da tsinta ta ɗauke. Fara sayen kilo ɗaya ka soya, ka bar shi kwana biyu, ka dafa ka ɗanɗana ba sukari kafin ka taɓa buhun.