Manhajar kariya ta ƙi tashi idan an kunna kwamfuta: wa ya taɓa fama da wannan?

Uwar gida, Asawase

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya taɓa shiga irin halin da nake ciki ya gaya mini yadda ya fita. Muna da kwamfutar tebur a gida, ta hannu ce, maigidana ya sayo ta a Adum shekara 3 da suka wuce. Yara suna aikin makaranta da ita, ni kuma a ciki nake rubuta lissafin adashin matan unguwarmu da bashin masu karɓar atamfa.

Yau kwana 5 ke nan, duk sanda aka kunna ta sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo, yana cewa manhajar da ke tsare ta daga masu leƙen asiri ta kasa tashi. Ka danna ya ɓace, ka sake kunnawa ya dawo. Garkuwar nan da ke ƙasa kusa da agogo, da kore ce, yanzu ta koma ja. Na kai wa wani mai gyara, ko minti 2 bai yi yana dubawa ba ya ce sai fomat, wato a goge duk abin da ke ciki. Na ɗauko kayana na hau pragya, keke mai ƙafa uku, na dawo gida, don hotunan aikin hajjin marigayi babana suna ciki, ba ni da su a ko'ina. Tun ranar ban yarda kowa ya shiga intanet da ita ba. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Malamin makaranta, Aboabo

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Baaba, ya karɓi hajjinsa. Kafin ki taɓa komai, dubi agogon da ke ƙasan allo ta hannun dama, ki karanta kwanan wata har da shekara.

Abin da ya sa na ce haka, tawa ta wahalar da ni kusan wata guda da irin wannan saƙo. Na cire manhajar na mayar har sau 3, datar da na ƙona kuwa ba a magana, amma kullum da safe sai ta ce ta kasa tashi, ko ta ce lasisinta ba ya aiki. Ranar da asiri ya tonu, takardar jarrabawar ɗalibaina na ajiye, sai na ga kwamfutar ta rubuta mata shekarar 2010. Ashe wani ɗan batir ne a cikin cikinta ya mutu. Sunansa CR2032, faffaɗa ne kamar kwabo, shi ke riƙe agogo idan babu wuta. Mu nan kuma kin sani, saboda tsoron dumsor, wato yawan ɗauke wuta, kowa zare waya yake yi daga bango da dare, to duk awannin nan batirin ne ke aiki shi kaɗai, shi ya sa yake saurin ƙarewa. Balle kwamfutar da ta riga ta yi shekaru a hannun wasu kafin ta iso Kumasi.

Manhajar kariya ba ta wasa da kwanan wata. Da shi take auna ko lasisinta na nan, da shi kuma take tantance takardar shaidar gidan da take karɓo sababbin bayanai. Idan agogo ya ce muna 2010, a wurinta takardar ba ta ma fara aiki ba, sai ta ƙi. Wata alamar ita ce shafukan intanet su ma su riƙa cewa haɗin ba amintacce ba ne. Na sayi batirin wurin mai gyaran agogo a Kejetia, na canja, na daidaita kwanan wata, shi ke nan. Ko fayil ɗaya ban rasa ba.

'Yar kasuwa, Tafo Zongo

Ni wuta ce ta yi mini. Manhajar kariyata tana tsakiyar sabunta kanta aka ɗauke, da aka dawo da ita sai saƙo ya fara fitowa cewa rumbun bayananta ya lalace. Ƙanena ya cire manhajar gaba ɗaya ya sauko da sabuwa daga shafin masu ita, ya kuma sa kwamfutar ta binciki kanta da wani umarni, sfc /scannow, ya ce yana gyara fayilolin Windows da suka ji rauni. Bayan nan na daure na sayi ƙaramin UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke. Ba ya daɗewa, amma yana ba ni damar kashe ta da hannuna. Yaya, ki tuna ko an ɗauke muku wuta tana kunne a ranar da abin ya fara.

Mai shagon buga takardu, Alabar

Hajiya, Allah ya sa naki irin na Malam ne. Nawa ya fi muni, kuma ina so jama'a su san bambancin.

A shago filash nawa ne ke shiga kwamfutata a yini, ni ma ban san adadi ba: masu takardar neman aiki, masu katin biki, ɗalibai masu aikin kammala karatu. Kuskuren da na yi, na ɗauki filash ɗin shago na sa a ta gida. Washegari manhajar kariya ta ƙi tashi. Na danna ta da hannu, ta buɗe kamar ƙiftawar ido ta rufe. Na nemi Task Manager, tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki, shi ma ya ƙi. Na je shafin masu manhajar, ya ƙi buɗewa, alhali Facebook da sauran shafuka lafiya lau. Sannan duk foldar da ke filash ɗin ta koma ƴar alama mai kibiya a gindi.

Idan kika ga waɗannan sun haɗu, to ba lalacewa ta yi ba, ɓarawo ne ya shigo ya fara ɗaure maigadi. Irin waɗannan ƙwayoyin cutar suna tashi tare da Windows, su riga manhajar kariya, su kashe ta. Shi ya sa cirewa da mayarwa ba ya magani, kana zubawa suna kwashewa. Abin da ya fisshe ni shi ne binciken da ake yi kafin Windows ta gama tashi. A Windows 10 yana nan cikin Windows Security da sunan Microsoft Defender Offline, kwamfutar za ta kashe kanta ta yi binciken wajen minti 15 sannan ta dawo. Akwai kuma Safe Mode, inda take tashi da abubuwan dole kawai: a Windows 10 ki riƙe Shift ki danna Restart, a Windows 7 kuma F8 ake dannawa tana fara kunnuwa. Fayilolin filash ɗin ma ashe ba su ɓata ba, ɓoye su aka yi, an fito da su daga baya.

Abin da ya fi ci mini rai, sai da na bi duk kalmomin sirrina na canja, imel da na banki, kuma daga waya na yi, ba daga kwamfutar ba. Aikin manhajar leƙen asiri ke nan, ta zauna shiru tana kwashe abin da kake bugawa.

Ɗalibi a Tech (jami'ar KNUST)

Mma, tambaya ɗaya: manhajar kariya nawa ce a ciki? Masu sayar da na hannu sukan zuba ta gwaji mai kwana 30, wani ma ya zuba biyu don mai saye ya ga an cika masa kaya. Biyu kuwa ba sa zama lafiya, kowace tana ganin ƴar'uwarta a matsayin baƙuwar da ke taɓa abin da bai kamata ba.

Windows tana da tata tun asali, Defender. A Windows 7 masu leƙen asiri kawai take kamawa, daga Windows 8 a 2012 ta zama cikakkiyar riga-kafi. Idan aka sa wata, sai ta ja gefe ta bar mata fili. A laftof ɗina abin da ya faru, wa'adin ta gwajin ya ƙare, na goge foldarta da hannu ina zaton na cire ta. Sunanta ya rage a jerin abubuwan da ke tashi da kwamfuta, kullum Windows ta neme ta ta rasa ta kawo saƙo, Defender kuma tana gefe tana zaton akwai mai gadi. Wata 2 na yi a buɗe ban sani ba. Ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ki shiga Startup, za ki ga jerin. Yawancin kamfanonin nan suna da ƴar manhajar share ragowar kayansu a shafinsu, ita na yi amfani da ita.

Tela, Sawaba

Ku yi hattara da saƙon kansa ma. Wanda ya fito wa matata ya cika allo da ja, har da ƙara, wai an kama cuta ɗari da wani abu, ta kira wata lamba ko ta biya a gyara. Ƙarya ce, daga wani shafi ya fito. Ta kira, suka nemi ta sauke wata manhaja su shiga kwamfutar daga nesa. Allah ya sa na shigo a lokacin na zare wayar intanet. Manhajar gaskiya ba ta ba ka lambar waya ta ce ka kira. Wanda aka riga aka cuta ya kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana ne.

Mai gyaran kwamfuta, Akwatia Line

Ina karanta ku tun ɗazu, kuma duk abin da aka faɗa na gan shi a teburina. Amma bari in faɗi wani abu a madadin abokan sana'ata. Mai gyaran da ya ce fomat cikin minti 2 bai kyauta ba, ya kamata ya karanta saƙon, ya tambayi abin da aka yi wa kwamfutar kafin ranar. Sai dai akwai inda fomat ɗin ne gaskiya. Da yawan kwamfutocin da ake kawo mini, Windows ɗin da Office ɗin duk na fashi ne, kuma ƴar manhajar da ake fasa su da ita sai an kashe kariya kafin ta yi aiki, wata ma ta kashe ta har abada. Irin wannan ko na tashe ta yau, ban isa in ce wa mai ita ta tsarkaka ba.

Masu Windows 7 kuma, idan saƙon yana ɗauke da lamba 0x800106ba, yawanci hidimar Defender ce aka tsayar, ana tashinta ta services.msc. Amma ku sani an daina yi wa Windows 7 sabuntawar tsaro tun 14 ga Janairu 2020, wa'adin Windows 10 ma 14 ga Oktoba 2025 ne. Tsohon gini ne, komai ƙwazon maigadi.

Hajiya, ko me za a yi, a fara kwashe hotunan Baaba da lissafin adashi zuwa sabon filash, a kuma tura kwafi wani wuri na biyu. Ki ɗauki hoton saƙon da waya kafin ki danna shi, da lambar da ke jiki. Rabin aikinmu yana cikin wannan lambar, amma mutane sukan zo su ce mana kawai "wani abu ne ya fito da Turanci".

Uwar gida, Asawase

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan la'asar na zaunar da babban ɗana muka bi maganganunku ɗaya bayan ɗaya. Hotunan muka fara kwashewa, guda 214, yanzu suna filash suna kuma wayar ƙanwata. Malam, agogon daidai yake. Task Manager ya buɗe lafiya, hankalina ya ɗan kwanta. Da muka shiga jerin da ɗalibin nan na Tech ya kwatanta, sai ga sunan wata manhajar kariya da ban taɓa sanin tana ciki ba. Nan babban ɗan nawa ya faɗa mini cewa makon jiya wuri ya cika masa, ya goge wata babbar folda da bai san amfaninta ba. Mun sauko da abin share ragowarta daga shafin masu ita, muka sake kunnawa, akwatin bai fito ba, garkuwar ta koma kore. Mun yi binciken nan na minti 15 ma, bai kama komai ba.

Saura abu ɗaya. Windows 10 ce a kanta, kuma maganar wa'adin nan ta tsaya mini a rai. Mai gyara na Akwatia Line, ta yaya zan gane ko tsohuwar kwamfuta irin tawa za ta ɗauki Windows 11, ko kuwa in fara tara kuɗin wata?