Fatar idona na hagu ta sauko, likitoci sun saɓa

Assalamu alaikum. Fatar saman idona na hagu ta yi yawa, har tana kwanciya kan gashin ido, na dama kuwa lafiya lau. Da yamma sai na ɗaga gira nake gani sosai.

Man ɗame fata bai yi komai ba. Allurar Botox, mai sassauta tsokar fuska, ta ɗan ɗaga girar, bayan 'yan watanni aka koma gidan jiya.

Wani likita ya ce a yanke rarar fatar hagun kaɗai. Wani kuma ya ce tsokar ɗaga fatar ce ta saki, ita za a ɗame. Tsorona kada a yanke da yawa idon ya ƙi rufuwa.

Don Allah, wane gwaji ne ke bambance rarar fata da sakin tsoka kafin tiyata?