Asibiti sun ce 9.4, na'urar gida ta ce 169, wanne zan yarda da shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya aka tabbatar wa mahaifiyata ciwon sukari. A takardar gwaji an rubuta FBS 9.4 da HbA1c 8.2%, likita ya ce nau'i na biyu ne, ya rubuta metformin 500mg bd. Layi ya yi tsawo, na ji nauyin tsayar da shi da tambayoyi. To, Yaya ya sayo mata na'urar gwaji, yau da safe kafin ta karya muka gwada, sai ga 169! Daga 9 zuwa 169 a kwana biyar? Ita Mama tana zaune tana jan carbinta, ni ce ko shayi na kasa sha.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, sha shayinki, babu abin da ya hau. Ma'auni biyu ne, kamar wani ya auna gero da mudu wani da gwangwani. Asibitin sun yi amfani da mmol/L, na'urarku kuma mg/dL take nunawa. Ki ninka 9.4 sau 18, 169 za ki samu.

FBS shi ne awon da ake yi bayan mutum ya yi awa 8 bai sa komai a baki ba sai ruwa. Na mai lafiya bai kai 5.6 ba, wato 100 a na'urarku. Daga 7.0 ko 126 zuwa sama ake cewa ciwon sukari ne. Kin ga na Mama yana sama, amma kwana biyar sun yi kaɗan a yanke wa magani hukunci.

Ni HbA1c na fi so, don ba a yi masa wayo. Sukari yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma sukan yi kusan wata uku a jiki, don haka gwajin yana tona yadda aka yi a watannin nan gaba ɗaya. Masu ƙin cin tuwo ana gobe ganin likita, a nan asirinsu ke tonuwa. Daga 6.5% ake tabbatar da ciwon, kuma ga yawancin manya ana so a sauko ƙasa da 7%. Shi kuwa bd, sau biyu a rana ke nan. Ta riƙa sha tare da abinci, don metformin kan dagula ciki a farko.

Wani dattijo: 'Yata, shekarata 11 da ciwon nan. Ki riƙe wata kalma da za ki ji suna faɗa, "haipo", wato sukari ya faɗi ƙasa da 70 a irin na'urarku. Jiki ya ɗau rawa, gumi ya keto, ga yunwa da jiri. Ni a kasuwa ya taɓa kama ni, na sha glibenclamide, wani maganin sukari, ban karya ba. In ya faru, cokalin shayi uku na sukari a ruwa, bayan minti 15 a sake gwadawa. In mutum ya suma kada a ɗura masa komai, sai asibiti. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake jawo wannan ba, amma a sani.

Wata 'yar'uwa: Allah Ya ba Mama lafiya. A jiƙa mata shuwaka ta riƙa sha, ba sai ta dogara da ƙwaya ba.

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, shuwaka a miya babu laifi, amma kada a ajiye magani saboda ita. A nau'i na biyu jiki ne ya daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, yadda ya kamata, kuma ciwon yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye, mutum yana jin kansa garau.

Mai tambaya: Na duba na'urar, ga mg/dL nan a gefen lambar, ƙanana, ban taɓa lura ba. Allah Ya saka da alheri. Anti, in na rubuta awon kowace safiya a littafi, in kai wa likita ranar komawa?

Ma'aikaciyar jinya: Ki kai, har da abin da ta ci da daddare. Ki kuma ce a duba mata ƙafafu da ido.